Bayan tiyatar rage ƙiba cikina ya canza hali: datti ne, ko ƙwayoyin hanji?

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa a Kejetia. Wata biyar ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba a ƙasar waje, irin wadda ake karkatar da hanji. Alhamdu lillahi nauyi ya ragu, suga ma ya sauka. Amma cikina ya canza hali: kumburi, ƙugi, da iska mai warin da ban san kaina da shi ba, har ina jin nauyin shiga sahu a masallaci. 'Yata ta ce ta karanta cewa tiyatar tana sauya ƙwayoyin hanji, tana so ta sayo mini kafson furobayotik. Gwaggona kuma ta ce datti ne ya taru, in sha maganin wankin ciki. Wa zan bi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da Gwaggo, don maganarta ce ta fi buƙatar amsa da wuri. Ki ba ta haƙuri cikin ladabi, amma kada ki sha maganin wankin ciki, na kanti ko na gida, kada kuma ki yi bentuwa, wato ɗura ruwa ta dubura. Wadda da ƙyar take iya shan lita ɗaya da rabi na ruwa a wuni, idan aka sa ta zawo, cikin kwana ɗaya jikinta zai bushe, kuma ƙoda ce ke fara ji a jika. Babu wani datti da ya maƙale miki. 'Yarki ta fi kusa da gaskiya, sai dai kafson da take son saya, wato furobayotik, mai ɗauke da ƙwayoyi masu rai, bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Kowane ɗan Adam yana yawo da bakteriya kusan tiriliyan 38 a jikinsa, bisa ƙiyasin da masana suka sabunta a 2016, kuma mafi yawansu suna zaune ne a babban hanji. In an tara su duka nauyinsu bai wuce giram 200 ba, ya ɗan ɗara gwangwanin madarar ruwa. Abincinsu shi ne abin da mu muka kasa narkarwa: dusar gero, ɓawon wake, yauƙin kuɓewa, zaren ganye. Suna tsimar da shi, su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke ci ya yi ƙwari, su kuma fitar da iska. Saboda haka iskar da kike ji aikin masu rai ne, kuma warinta yana bin irin masu aikin da irin abin da ya iso gare su.

To, ga abin da likitan fiɗa ya yi miki. A tiyatar da ake kira gastirik baifas, wadda wani likita Ba'amurke mai suna Edward Mason ya fara a shekarun 1960, ana yanke saman tumbi a mayar da shi 'yar jaka da ba ta fi ƙwai girma ba, mai ɗaukar kamar mililita 30. Sai a janyo ƙaramin hanji daga can ƙasa a ɗinke shi da jakar. Abinci ya daina bi ta sauran tumbin, ya daina bi ta farkon ƙaramin hanji. Ruwan matsarmama, wannan mai ɗacin da ke narkar da mai, shi ma ya koma gangarowa ta wata hanya shi kaɗai, sai can gaba yake haɗuwa da abinci. Ɗayar tiyatar, wadda ake kira silib, ba ta taɓa hanji. Ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba. Ita ma tana sauya ƙwayoyin, amma ba ta kai taki ba.

Ke 'yar Kejetia ce, kin san abin da ke faruwa idan aka ɗauke tashar mota daga wani lungu aka kai ta wani. Ba wanda ya kori mai ƙosai, ba wanda ya gayyato mai sayar da ruwa, amma cikin 'yan makonni layin ya zama na wasu mutane daban, don ciniki yana bin inda jama'a ke wucewa. Haka hanjinki yake yanzu. A da, asid ɗin tumbi shi ne mai gadi a bakin ƙofa, yana kashe yawancin ƙwayoyin da muke haɗiyewa tare da yawu. Jakarki ba ta yin asid mai yawa, kuma kusan kowa ana ɗora shi a kan maganin rage asid irin su omeprazole na wasu watanni bayan tiyata. Mai gadi ya yi sanyi, sai ƙwayoyin da asalinsu mazauna baki ne, irin su Streptococcus da Veillonella, suka samu hanya suka gangara. Abinci kuma yana isa ƙasa da sauri, bai gama narkewa ba, ɗauke da mai da furotin da a da ba sa kaiwa can. Wannan shi ne tushen warin, domin idan ƙwayoyi suka ci furotin, iskar da suke fitarwa tana da sinadarin da ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ga kuma allurar antibayotik da aka yi miki ranar tiyata, ga makonnin da kika yi a kan ruwa-ruwa babu ganye babu wake. In kina shan maganin suga na metformin a da aka dakatar miki, shi ma wani canji ne, don an tabbatar cewa maganin da kansa yana sauya ƙwayoyin hanji.

Abin da ya fi maimaituwa a binciken da aka yi, tun daga wani ɗan ƙarami na mutum tara a Arizona a 2009, shi ne dangin E. coli suna ƙaruwa bayan baifas. Na san sunan zai tsorata ki, don a bakin ma'aikatan tsafta kike jinsa. Yawancin dangin nan ba sa cutarwa, tun muna jarirai suke cikinmu. Wata kuma da ake yawan ganin ta ƙaru ita ce Akkermansia, wadda ke kiwo a majinar da ta lulluɓe bangon hanji, kuma ana yawan samun ta a wurin waɗanda sugansu ya fi daidaita.

Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce: ƙwayoyin nan suna taimakawa wajen rage nauyi, ko kuwa 'yan rakiya ne kawai? A nan ɓeraye suka yi mana aiki. Akwai ɓerayen da ake raino a ɗakin gwaji ba tare da ko ƙwaya ɗaya a cikinsu ba, ka zuba musu na wanda ka ga dama ka ga abin da zai faru. A 2006 ɗakin binciken Jeffrey Gordon a Amurka ya nuna cewa idan aka ba su ƙwayoyin ɓera mai ƙiba, sun fi tara kitse a kan waɗanda aka ba na siriri. A 2013 wasu masana a Boston suka yi wa ɓeraye baifas, suka ɗebi ƙwayoyinsu suka zuba wa waɗanda wuƙa ba ta taɓa su ba, sai ga waɗannan ɗin sun rage nauyi da kitse. Wanda ya fi burge ni shi ne na Suwidin a 2015. An nemo matan da suka yi kimanin shekara tara da tiyata, aka tarar har lokacin ƙwayoyinsu sun bambanta da na masu ƙiba da ba a yi musu ba. Da aka zuba wa ɓeraye ƙwayoyin matan baifas, kitsen da suka tara ya gaza na sauran da kashi 43 cikin ɗari. Wato canjin nan ba na wata biyar ba ne, Hajiya, zama ya zo yi, kuma yana da hannu a alherin da kike gani.

Amma kada a kai shi inda bai kai ba. Mutum ba ɓera ba ne. Da aka gwada dasa ƙwayoyin siraran mutane a hanjin masu ƙiba a Amsterdam, jikinsu ya ɗan fi karɓar insulin, sinadarin da ke saukar da suga, bayan mako shida, daga baya da aka sake dubawa a mako na 18 amfanin ya gushe, nauyi kuwa bai motsa ba. A 2019 ma wani majiyyaci ya rasu a Amurka bayan irin wannan dashe, saboda ƙwayar da aka ba shi ba ta jin magani. Babban abin da ya saukar miki da suga, tun kafin nauyi ya yi nisa da sauka, shi ne ƙarancin abin da kike ci da kuma wani sinadari mai suna GLP-1 da ƙasan hanji ke fitarwa da yawa idan abinci ya faɗo masa da wuri. Shi ne wanda allurar Ozempic ta masu ciwon suga ke kwaikwayo. Ruwan matsarmama ma yana da nasa rabon, kuma ƙwayoyin hanji ne ke sarrafa shi su mayar da shi wasu nau'o'i da ke aika saƙo ga hanta. Aikin haɗin gwiwa ne, ƙwayoyin suna ciki, amma ba su ke jan ragamar ba.

Akwai kuma wani sakamako da masu tallan tiyata ba sa son ambata. Masana a Faris, ƙarƙashin Karine Clément, sun duba masu matsananciyar ƙiba suka tarar kashi 75 cikin ɗari nasu suna da talaucin ƙwayoyi, wato ire-iren da ke hanjinsu ba su da yawa. Shekara ɗaya bayan tiyata ire-iren sun ƙaru, lafiya ta inganta sosai, amma yawancin waɗanda aka yi wa baifas ba su fita daga sahun masu talaucin ba. An buga wannan a 2019. Tiyata tana sauya mazauna unguwa, ba ta cika unguwar da irin mutanen da ake so. Wannan aikin cokali ne, kuma a nan nake ganin mu muna da jarin da Bafaranshe ba shi da shi.

A 2010 aka kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso mai suna Boulpon da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, hanjinsu cike yake da Prevotella, gwanar cin dusa, kuma sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a wurinsu. Kusa da gida kuma, akwai binciken da aka buga a 2023 wanda ya haɗa mutum sama da 1,900 daga Gana, Afirka ta Kudu, Jamaika, Seychelles da Amurka, kuma mutanen Gana da ke ciki daga nan yankin Kumasi aka ɗauke su. Su suka fi kowa yawan ire-iren ƙwayoyi, Amurkawa suka zo ƙarshe. Ina yawan tuna wannan idan na ga an shigo mini ofis da kwalbar kafso daga Ingila, an biya sidi masu yawa, alhali kukar da ke rataye a madafi ba a waiwaye ta ba. Sai dai in faɗi gaskiya, mu 'yan zango na cikin gari mun yi nisa da cimar mutanen ƙauyen nan. Shayi da madara da burodi da safe, indomi da dare, lemun kwalba a kowane suna da biki. Binciken lafiya na ƙasa na 2014 ya nuna mata 40 cikin ɗari a Gana nauyinsu ya wuce kima, kuma birane ne kan gaba.

Yanzu ga naki cikin. Kumburi da iska a watannin farko abu ne da yawancin masu baifas ke fama da shi, kuma yakan lafa yayin da hanji ke sabawa. Amma akwai wani abu da nake so likita ya duba miki. Tunda asid ya ragu kuma an samu wani reshen hanji da abinci ba ya wanke shi, ƙwayoyi kan taru su yi yawa a ƙaramin hanji, inda bai kamata su yi yawa ba. Alamarsa ita ce ciki ya kumbura tim jim kaɗan bayan cin abinci, da zawo mai kumfa ko mai maiƙo da ke tasowa saman ruwa, da kasala. Masu cunkoson nan suna rigan mutum cin bitamin B12, wanda dama mai baifas ba ta iya tsotsarsa da kyau. Ana gano shi da gwajin numfashi inda akwai na'urar, inda babu kuma likita kan yi hukunci da alamomi ya ba da antibayotik na ƙayyadaddun kwanaki. Likita na ce, Hajiya, ba yaron kemis ba.

Na faɗi haka ne don abin da na gani da idona. Wata baiwar Allah ta zo mini wata takwas bayan irin tiyatarki, ta zazzage baƙar leda a kan tebur. Antibayotik ɗin Flagyl kati uku, biyu babu komai a ciki. Amoxicillin da ta ce tana sha "in cikin ya yi ƙugi". Ganyen shayin rage tumbi. Robar ruwa cike da wani jiƙo baƙi wanda ko mai sayarwar bai faɗa mata abin da ke ciki ba. Da diclofenac na ciwon gwiwa. Da na tambaye ta ina bitamin ɗin da aka sallamo ta da su, sai ta yi dariya ta ce ai sun ƙare tun bayan Sallah, kuma ta ga ta warke. Fatar idonta fari fat. Kowane zagaye na antibayotik yana share na kirki tare da na banza, kuma waɗanda ke saurin dawowa su ne masu taurin kai. Diclofenac da ibuprofen da danginsu kuwa haramun ne ga mai baifas, suna huda gyambo a daidai wurin ɗinki. In ciwo ya dame ki, paracetamol.

Batun furobayotik gajere ne. An gwada shi a Stanford a 2009 a kan masu baifas 44. Waɗanda suka sha sun fi samun B12 kuma cunkoson ƙwayoyi ya ragu, nauyinsu ya fi sauka a wata uku, amma zuwa wata shida bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun ga ɗan sauƙin kumburi, wasu ba su ga komai ba. In 'yarki ta riga ta saya, ki sha wata ɗaya ki gani, ba zai cuce ki ba in garkuwar jikinki lafiya take. In ba ta saya ba, kuɗin ya tafi ga bitamin, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, kalsiyam da allurar B12, waɗanda su shan su na har abada ne.

A faranti, furotin ne farko, aƙalla giram 60 a rana: kifi, ƙwai, kaza, wagashin da aka dafa ba soyayye ba. Bayan shi sai abincin ƙwayoyin, kuma a nan sannu ba ta hana zuwa. Ki fara da miyar yauƙi, kuɓewa, ayoyo, kuka, don suna wucewa salin-alin kuma ƙwayoyin kirki suna son su. Wake ki fara da wanda aka surfe aka cire ɓawo, tubani ko alale, cokali biyu, ki jira kwana uku ki ga yadda ciki ya karɓa kafin ki ƙara. Waken da ke cikin waakye ya fi shinkafar amfani gare ki, ki tsince shi ki bar gari da taliya. Abu ɗaya sabo a lokaci ɗaya, don in ya ɓata miki ciki ki san mai laifi. Tuwo, banku da fufu loma biyu ko uku a ƙarshe, in da sauran wuri, kuma a tauna, duk da na san tauna tuwo abin dariya ne a gidajenmu. Kada ki haɗa ci da sha, ki bar rabin awa tsakani.

Kokonmu na gero tsimamme ne, daddawa ma haka, amma wuta tana kashe ƙwayoyin da ke cikinsu, don haka kada a ce miki koko furobayotik ne. Amfaninsa yana ga geron, in ba a tace shi ƙal ba. Matsalarsa kuma suga. Koko mai suga, burkina mai madarar gwangwani, sobolo, lamurji da malt suna faɗawa hanjin mai baifas kai tsaye, sai zufa, bugun zuciya, jiri da zawo su biyo baya cikin rabin awa, wani lokaci kuma suga ya faɗi warwas bayan awa biyu. Mutane da yawa suna ɗora wa ƙwayoyi laifin wannan alhali cokalin suga ne. Madarar ruwa ma takan fara damun wasu bayan tiyata ko da a da ba ta damunsu. Yogot marar suga na kamfani ya fi sauƙi, kuma shi yana da ƙwayoyi masu rai. Nonon da ba ki san ko an tafasa shi ba, ki haƙura da shi.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba shi ne tsakuwar ƙoda. Man da bai narke ba yana kama kalsiyam a hanji, sai wani sinadari mai suna okzalet, wanda a da kalsiyam ke ɗaurewa ya fita da shi ta bayan gida, ya samu sarari ya shiga jini ya tafi ƙoda. Akwai ƙwayar hanji, Oxalobacter, da abincinta ke nan, kuma antibayotik yana saurin kashe ta. Kontomire da alayyafo suna da okzalet da yawa. Ba na ce ki daina ba, amma ki tafasa ki zubar da ruwan farko, ki rage manja, ki sha kalsiyam ɗinki tare da abinci, ki kuma riƙa kurɓar ruwa wuni guda ko da kina tsakiyar ciniki.

In kika ga amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani da ke murɗawa, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ƙafafu suna dindiris, ko idanu suna ganin abu biyu-biyu, wannan ya wuce zancen ƙwayoyi. Ki tafi Komfo Anokye, Gee ɗin nan namu, ko asibiti mafi kusa a daren, ki faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa an yi miki baifas. Takardar sallamar da aka ba ki a can waje, ki sa 'yarki ta ɗauki hotonta a waya, in da harshen da ba Turanci ba aka rubuta a nemi fassara tun yanzu. Wata shida ya kusa cika, lokacin gwajin jini ke nan: yawan jini, sinadarin ƙarfe, B12, bitamin D, kalsiyam da aikin ƙoda. Ki je da sakamakon, da ledar duk abin da kike sha har da na Gwaggo in ta riga ta kawo, da 'yar takardar da kika rubuta abin da kika ci na kwana bakwai da lokacin da cikin ya kumbura. A zaman nan kuma ki tayar da maganar azumi, don a shekarar farko yawancin likitoci suna ba da shawarar a jinkirta shi a rama daga baya, kuma gara ki ji hukuncin likitanki da na malaminki tun watan bai kama ba.